Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Nazarin Zane-zanen Noma na Zamanin Biktoriya a Kasuwar Gwanjo

1.0 Gabatarwa

A falon wani kawuna da ke zaune a Bosso, cikin Minna, akwai wani zane da ya saya a bakin titi ya rataye a bango. Hoton wata budurwa ce 'yar Gbagyi, ta ɗauko doya a kafaɗa kamar yadda matan ƙabilar suka saba, rana na faɗuwa a bayanta, ga duwatsu, ga ciyawa kore shar. Duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. Ran nan wata tsohuwa da ke kawo wa gidan itace ta leƙo karɓar kuɗinta. Ta tsaya ta ƙura wa zanen ido, can sai ta yi dariya ta ce da ni, "Ɗana, wannan yarinyar daga gona ta fito ko daga gidan biki?" Na ce, "Iya, me kika gani?" Ta ce, "Dubi ƙafarta, ko ƙura babu. Kuma kaya irin wannan sai ya karkatar da mutum, ita kuwa ga ta a miƙe tana murmushi."

Maganar tsohuwar nan ita ce tushen wannan maƙala. Zane ma magana ne. Yana da mai faɗa, yana da wanda ake faɗa wa, yana da abin da aka furta da abin da aka haɗiye. Saboda haka ɗalibin harshe da ya iya fito da jigo da salo a waƙa yana iya yin haka ga zane. Za a gwada wannan a kan zane-zanen ƙauye da aikin gona da aka yi a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya, domin an adana tarihin cinikinsu a gidajen gwanjo, ana iya sanin wanda ya saya da abin da ya biya. Daga nan sai a dawo gida a duba namu.

2.0 Zamanin da Masu Zanensa

Sarauniya Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. A cikin waɗannan shekaru ne Ingila ta juya daga ƙasar manoma ta zama ƙasar masana'antu. Ƙidayar jama'a ta 1851 ta nuna cewa mazauna birane sun riga sun zarce mazauna karkara yawa. A wannan shekarar ce kuma aka nuna injin girbi na McCormick, ƙirar Amurka, a babban baje kolin da aka yi a Landan. Daga ƙarshen shekarun 1870 sai noma ya shiga mawuyacin hali: damina ta yi ta ɓaci, alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwa, gonakin alkama suka ragu, leburorin gona suka yi ta kwarara birni ko ƙetare.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da mutane ke gudun ƙauye ne zanen ƙauye ya yi kasuwa. John Linnell ya yi suna da zanen girbin alkama. Thomas Sidney Cooper, wanda ya rayu daga 1803 zuwa 1902, ya ƙare rayuwarsa yana zana shanu da tumaki a makiyaya. Myles Birket Foster da Helen Allingham kuwa sun shahara da fentin ruwa, suna zana gidajen ƙauye masu jinka, da furanni a bakin ƙofa, da yara masu tsabta suna wasa.

3.0 Su Wa Ke Saye?

Manomi ba ya cikin masu sayen waɗannan zane-zane. Masu saye su ne sababbin attajiran da masana'antu suka haifar a Manchester da Birmingham da Leeds, mutanen da ke kwana cikin hayaƙin birni suna begen ƙauyen da iyayensu ko kakanninsu suka baro.

Misali ɗaya ya isa. Joseph Gillott attajiri ne a Birmingham, da ƙera alƙaluman ƙarfe ya yi arziki, ya kuma tara zane-zane masu yawa, har da na Linnell. Ya rasu a farkon 1872, a cikin shekarar kuma gidan gwanjo na Christie's ya sayar da abin da ya tara a kan kuɗi fiye da fam 160,000. A watan Fabrairu na wannan shekarar dai, a ƙauyen Wellesbourne da ba shi da nisa da Birmingham, wani leburan gona mai suna Joseph Arch ya tara 'yan'uwansa suka soma ƙungiyar ƙwadago. Ladansu a lokacin kimanin sule 12 ne a mako, suna neman a mai da shi sule 16. Da yake sule 20 ne fam guda, lebura na samun kimanin fam 31 a shekara. Idan aka yi lissafi, kuɗin gwanjon Gillott ya kai ladan shekara guda na leburori fiye da 5,000. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa zanen ya ɗauki kamar da ya ɗauka. Mai zane yana zana abin da mai saye zai so ya rataye a ɗakin cin abincinsa. An san Helen Allingham da cewa idan ta tarar an sa wa tsohon gida tagogin zamani, sai ta mayar masa da irin na da a cikin zanenta. Injin girbi da na sussuka suna aiki a gonaki, amma a zane lauje ake gani. Yara ƙanana sun sha aikin gona har sai da aka yi doka a 1867 da ta hana sa 'yan ƙasa da shekara 8 cikin garken 'yan ƙwadago, amma yaran cikin zane furanni suke tsinka.

4.0 Gwanjo da Kalmominsa

A Hausar yau da an ce gwanjo sai tunani ya tafi ga tufafin da aka riga aka sa. Ma'anar da ake nufi a nan ita ce ɗaya, wato cinikin da ake sa kaya a gaban jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Manyan gidajen wannan sana'a a Landan tsofaffi ne: Sotheby's tun 1744, Christie's tun 1766, Bonhams tun 1793.

Wanda ya san kasuwar shanu ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Bambancin kawai shi ne, a kasuwarmu mai saye ne ke taya, mai kaya ko dillalinsa ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. A gwanjo kuwa masu saye ne ke ja da junansu. Ga matakan:

(a) Kundin kaya. Kafin ranar ciniki akan buga littafi mai hoton kowane zane da bayaninsa da ƙiyasin farashinsa, mafi ƙanƙanta da mafi yawa.

(b) Ɓoyayyen farashi. Kamar yadda mai saniya kan raɗa wa dillali cewa kada ya sallama ƙasa da kaza, haka mai zane ke yi da gidan gwanjo. Idan tayi bai kai ba, kaya sun koma gida.

(c) Buga guduma. Wannan shi ne "na sallama". Da an buga, ciniki ya faɗa.

(d) La'ada. Gidan gwanjo na karɓa daga mai kaya, yana kuma karɓa daga mai saye. A 1975 ne Christie's da Sotheby's suka soma ɗora wa mai saye kashi 10 cikin 100, daga baya abin ya haura kashi 20.

(e) Salsala. Ana bin jerin hannayen da zane ya ratsa tun daga mai shi na farko. Zanen da salsalarsa ta yanke darajarsa kan ragu.

Wani abin da ya kamata ɗalibin harshe ya kula da shi shi ne zaɓen kalma a kundin. Idan an rubuta sunan mai zane kai tsaye, gidan gwanjo ya gamsu cewa aikinsa ne. Idan aka ce ana jingina zanen gare shi, shakka ta shigo. Idan aka ce daga ɗakin aikinsa ya fito, ana nufin yaransa ne suka yi. Idan aka ce na mabiyinsa ne, to salon kawai aka ara. Kowane mataki yana zaftare farashi. Cooper mai zanen shanu ya sha fama da jabu tun yana raye, har mutane kan kai masa zane ya tabbatar musu ko nasa ne. Mu ma mun san irin wannan matsala a nazarin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, inda ake bambanta waƙar da aka tabbatar ta Shehu Usmanu ko Nana Asma'u ce da wadda ake jingina musu.

Farashin waɗannan zane-zane bai tsaya wuri ɗaya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sha'awar mutane ta sauya, aka riƙa yi musu kallon tsohon yayi, har zuwa shekarun 1950 ana samun su da araha. Daga baya kasuwa ta farfaɗo. A 1971 Sotheby's ta buɗe reshe a unguwar Belgravia musamman don kayan zamanin Biktoriya, a 2003 kuma Christie's ta yi gwanjon tarin da iyalan Forbes na Amurka suka yi shekaru suna haɗawa. Zanen bai canza ba, fentin da aka shafa yana nan yadda yake. Idon mai kallo da aljihunsa ne ke hawa da sauka.

5.0 Jigo da Salo

Idan aka nazarci zane-zanen ta fuskar jigo, ana iya kasa su gida biyu.

Kashi na farko jigonsa bege ne. Salonsa hasken rana mai laushi, launuka masu daɗin kallo, da hange daga nesa. Mutanen ciki ƙanana ne, ba a ganin fuskarsu sosai, sun zama ado kamar itatuwa da tumaki. Yawancin aikin Linnell da Foster da Allingham a nan ya faɗa.

Kashi na biyu jigonsa bayyana wahala ne, ya kuma yi ƙarfi a shekarun 1880 da 1890, lokacin da noma ya durƙushe. Salonsa kusantowa: mutum ya cika zanen, ana ganin taɓo a takalminsa da kaushin hannunsa. George Clausen ya yi wani zane mai suna Winter Work, wato aikin hunturu, tsakanin 1883 da 1884, inda mace da namiji ke tsaye cikin taɓo suna gyaran wata irin saiwa da ake nomawa don ciyar da tumaki. A 1885 Hubert von Herkomer ya zana Hard Times, wato mawuyacin zamani: lebura ya rasa aiki, ya jingina a bakin hanya, kayan aikinsa a ƙasa, matarsa da 'ya'yansa sun zube don gajiya. A 1895 Henry La Thangue ya zana The Last Furrow, wanda za mu iya kira kunyar ƙarshe, kunya irin ta gona: tsohon manomi ya faɗi a kan garmar dawakinsa aiki bai ƙare ba.

Sai dai ko wannan kashi bai kuɓuta daga kasuwa ba. Dalilin da ya sa zanen Clausen ke ɗauke da shekaru biyu shi ne, bayan an nuna shi a 1883 sai ya koma ya ƙara wata yarinya a gefe, abin da ya sassauta tsananin da ke cikinsa. Har ila yau, da mai zanen bege da mai zanen wahala duk ba leburori ba ne, kuma ba leburori suke yi wa magana ba. Muryar da ba a ji a kashi biyun ita ce ta mai riƙe da laujen.

6.0 Idan Muka Dawo Gida

Ƙasar Hausa ma ta shiga zanen wancan zamani. A watan Fabrairu na 1851, shekarar ƙidayar nan ta Ingila, Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta turo, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano. Littafin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858, ɗauke da hotuna masu launi. Mafi shahara a wurinmu shi ne na Kano kamar yadda ake hango ta daga kan Dala. Barth zayyana kawai ya yi a takarda. Wanda ya ƙawata hotunan wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda bai taka ƙasar Hausa ba. Hoton yana da kyau, yana kuma da amfani ga tarihi, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga kan dutse ba a jin abin da manomi ke faɗa a gandu, balle bawa a rinji.

A nan ne muka yi sa'ar da leburan Ingila bai cika samu a zane ba. Barth ya koma Turai a 1855 tare da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga yankin Damagaram, an kama shi bauta tun yana yaro, daga baya aka 'yanta shi. A Ingila ya zauna da James Frederick Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, ya kuma fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, shekarar da Herkomer ya yi zanensa. Tafiya ɗaya ta haifar da shaida biyu: hoton da baƙo ya hango, da maganar ɗan gida da bakinsa. Ɗalibin da ya ajiye su gefe da gefe zai ga abin da kowanne ya iya ɗauka da abin da ya kuɓuce masa.

Begen ƙauye irin na attajiran Birmingham yana nan a aljihunmu. A bayan naira 10 akwai matan Fulani ɗauke da ƙoren nono. A bayan naira 200, wadda aka fito da ita a 2000, akwai dalar buhuna da shanu da kayan gona, alhali dalar gyaɗar Kano ta riga ta ɓace shekaru da dama kafin a buga takardar. A bayan naira 20 kuwa, tun daga 2007, akwai Ladi Kwali tana ginin tukunya. Labarinta ya shafe mu kai tsaye. 'Yar Gbagyi ce, ta koyi ginin tukwane a gida, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, ta kuma rasu a Minna a 1984. A cibiyar aka riƙa gasa tulunanta da wuta mai tsanani ana shafa musu ƙyalli, suka yi nauyin da ba su dace da ɗibar ruwa ba, suka koma abin kallo. Irinsu ne ake kaiwa gwanjo a Turai. Kasuwar ma ta buɗe wa masu zanen Nijeriya: a 2008 kamfanin Arthouse ya soma gwanjon zane a Legas, a 2018 kuma Bonhams ta sayar da Tutu na Ben Enwonwu a kan kimanin fam miliyan 1.2.

Kada a ɗauka cewa zane kaɗai ke yi wa noma kwalliya. Adabinmu na baka ma yana yi. Makaɗan noma, irin su Ɗan Anace a waƙoƙinsa na manoma, suna zuga gwarzon manomi su kambama shi, musamman wanda ya ɗaure dami dubu. Kirarin noma da kansa, na duƙe tsohon ciniki, yabo ne. Amma akwai bambanci. Mai gangar noma a bakin gona yake tsaye ranar gayya, manomi ne mai sauraronsa, kuma idan ya yi kuskuren sunan aiki ko na kayan aiki nan take za a gyara masa. Mai zanen falon kawuna bai taɓa tsammanin mai itace za ta ga aikinsa ba.

7.0 Aiki ga Ɗalibi

Duk lokacin da ɗalibi ya ci karo da hoton ƙauye, a bango ne ko a kalanda ko a littafin makaranta, yana iya yi masa tambayoyi huɗu. Wa ya yi shi? Don wa aka yi shi? Daga ina aka tsaya aka kalla, nesa ko kusa? Me ya kamata a gani a wurin da ba a gani ba?

Tambaya ta huɗu ba ta amsuwa daga ɗakin karatu. Sai an je gona. Wanda ke Bosso bai da uzuri, domin Maikunkele da Beji da Garatu duk a ƙaramar hukumar suke. A zauna da manomi a rubuta aikinsa da kalmominsa: sassabe, binne, shuka, noman firi, maimai, huɗa, girbi, ɗaurin dami, sussuka, shiƙa, kala. A tambayi bambancin fartanya da garma da sungumi da magirbi. A ji yadda manomin doya ke kiran matakan aikinsa da Gbagyi ko Nufanci, da yadda yake faɗarsu idan ya juya Hausa. A lura da kalmomin da ke ja da baya: inda feshin maganin ciyawa ya shiga, yaro na iya tashi bai san firi da maimai ba, inda ƙwadago ya maye gurbin gayya kuma gangar noma ta yi shiru.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Hare-haren 'yan bindiga sun raba manoma da yawa a Shiroro da Munya da Rafi da gonakinsu, har a 2021 wasu suka yi sansani a wata makarantar firamare a cikin Minna. Iyalin da Herkomer ya zana a bakin hanya mun gan su da idonmu. Babu mai rataye hotonsu a falo. Idan ba a rubuta labarinsu da bakinsu ba, kamar yadda aka rubuta na Dorugu, abin da zai rage wa na baya shi ne budurwa mai murmushi da doya a kafaɗa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda zanen ƙauye ya bunƙasa a Ingila a lokacin da ƙauyen ke mutuwa, da yadda mai saye ya yi tasiri a kan abin da aka zana, da yadda gwanjo ke auna sha'awar masu kuɗin kowane zamani. An kuma ga cewa muna da irin wannan a gida, tun daga hoton Dala har zuwa takardun naira. Wannan ba ya nufin a raina zane-zanen. Da yawansu aikin gwanaye ne, kuma sun adana siffar tufafi da kayan aiki da gine-ginen da suka shuɗe. Abin da ake bukata shi ne a karanta su yadda ake karanta kowane matani, a san mai magana da wanda yake yi wa, sannan a nemi shaidar wanda aka zana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zanen kawuna yana nan a rataye, ni kuwa tun daga ranar nan, duk hoton manomi da na gani, ƙafarsa nake fara dubawa.